Adashina zai fito a kaka, me zan fara tanada?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a unguwar Bagalam. Mu takwas ne a gida: ni, maigida, mahaifiyarsa da yara biyar. Maigida direba ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Katsina, ni kuma ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A daminar da ta wuce, cikin mako biyu autana ya kwanta da masassara har aka ƙara masa jini, katangar ɗakin girki ta faɗi, hatsi ya ƙare, maigida kuma yana kan hanya. Na saida akuya ɗaya a wulaƙance, na ci bashin jikka 25 wurin mai kanti, har yau ban biya ba. Adashina zai fito a Nuwamba, jikka 60. Ina so in yi tanadi amma ban san ta inda zan fara ba, kuma da na ta da maganar sai maigida ya ce Allah ne mai yi. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya maida miki abin da kika rasa da mafi alheri.

Ba rashin sa'a ce ta haɗa miki abubuwan nan uku a mako biyu ba. A Maraɗi lokacinsu ɗaya ne. Tsakanin Yuli da Satumba hatsin bara ke ƙarewa na bana bai nuna ba, a lokacin sauro ya fi yawa, a lokacin ginin ƙasa ke shan ruwa. Kuma a lokacin ne kowa ke fito da dabbarsa kasuwa don ya auni hatsi, shi ya sa akuyarki ba ta yi daraja ba. Ranar ce ba ki sani ba, watan kam kin san shi. Saboda haka aikinki yanzu shi ne ki sayi abu yayin da yake araha, ki ajiye shi yadda zai kai Agusta bai lalace ba kuma ba a cinye shi ba. Na biyun ya fi wuya.

Jikka 60 ɗin nan mu raba ta uku: 10 ga mai kanti, 20 kuɗin dare, 30 hatsi.

Kada ki kwashe adashin ki biya bashin gaba ɗaya ki dawo hannu wofi. Ki je wurin mai kanti da jikka 10, ku yanka biyan sauran jikka 3 kowane wata, zuwa Afrilu kin gama. Ki cika alkawarin ko da ranar ba ki yi ciniki ba, domin mai kantin da ya ga kina biya a kan lokaci shi ne zai sake auna miki shinkafa ranar da ba ki da ko dala.

Kuɗin dare aikinsu ɗaya ne: su kai mara lafiya likita su sayi maganin farko ba tare da kin buga ƙofar kowa ba. Ki tuna abin da dare ɗaya ya ci miki: adaidaita zuwa da dawowa, wanda kuɗinsa ke hawa in dare ya raba, awon jini, ruwan ƙari, magani daga farmasin da ke gadi, abincin mai jinya. Tun 2006 hukumar Nijar ta ce a duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta, amma kowace uwa ta san magani yakan yanke, a miƙo mata takarda ta fita waje ta saya. Ki mai da kuɗin ƙanana, ƴan dala ɗari, jikka-jikka da ƴan jikka biyu, domin takardar jikka goma ba mai canjinta da ƙarfe biyu na dare. Ki naɗe su a leda ki sa a gwangwani mai murfi, a wuri mai tudu da gara da kusu ba sa kaiwa, nesa da kwallar da kike ajiye jarin ƙuli-ƙuli. In suna wuri ɗaya da jari, ranar da gyaɗa ta yi araha za ki ara da niyyar maidowa, kuma ba za su dawo ba. Mutum ɗaya bayanki ya san inda suke, wanda ke gida in kin fita. In kun fahimci juna da Inna, mahaifiyar maigida, ita ce ta fi dacewa.

Daga ranar ki fara jefa dala arba'in a asusu kullum, da safe kafin cefane. Abin da aka ce za a ajiye in ya rage bayan cefane ba ya ragewa. Dala arba'in kullum jikka 6 ke nan a wata, daga Disamba zuwa ƙarshen Yuni jikka 42. A ciki za ki gama da mai kanti, saura ya yi gyaran gida a Mayu ya ƙara wa kuɗin dare kauri. Abin da ya haura jikka 20 za ki iya sa shi a waya, a kamfanin tura kuɗi irin NITA ko Amana ko wanda kika saba da shi, amma jikka 20 ɗin farko su zauna a hannu, don rezo yakan ɗauke, mai shagon cire kuɗi kuma ba ya kwana a shago. Lambar sirrinki ba ta kowa ba ce, musamman mai kira ya ce ya turo miki kuɗi bisa kuskure.

In an biya maigida da naira, rabon ajiya a canza shi zuwa sefa a cikin makon. Sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa ta zube ƙwarai tun Yunin 2023, kuma a farkon 2023 wa'adin tsofaffin takardunta ya bar mutane da kuɗi a hannu ba mai karɓa.

Adashi yana da amfani, amma ranarsa yake fitowa, ba ranar da yaro ya kwanta ba. Ki roƙi uwar adashi ta bar miki kwasarki a kaka kowace shekara. Sannan ki nemi ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar nan ta Maraɗi a 1991 kafin ya bazu wasu ƙasashe. Bambancinsu da adashi shi ne akwati yana nan da kuɗi a ciki, mamba na iya karɓar rance a zaman mako. Kafin ki shiga ki duba abu biyu: ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, kuma mai riƙe akwati daban da masu riƙe makulli.

Yanzu hatsi, inda mafi yawan tanadi ke lalacewa.

Kafin ki auni ko tiya ɗaya, ki san abin da gidanki ke ci. Mako guda ki ƙirga tiyar da ake fitarwa don fura, tuwo da kunu. Mu ɗauka tiya ɗaya da rabi ce a yini. Tiya kusan kilo biyu da rabi ce, babban buhu mai kilo 100 kuma tiya 40. Kwana 90 zai ci tiya 135, buhu uku da ɗoriya. Mun ce kwana 90 ba 30 ba saboda abincin gidanki a rataye yake da hanyar Ɗan Isa da Jibiya. An rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 har Afrilun 2022, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Direban da iyaka ta rufe masa ba hutun mako guda yake yi ba. Jikka 30 ba za ta sayi buhu uku ba, mun sani. Ki sayi abin da ta iya, sauran za mu zo kansa in mun kai ga maigida.

Ki saya a Nuwamba ko Disamba, galibi daga nan tiya sai hawa. Kasuwar ƙauye ta fi araha, amma kuɗin mota na iya cinye bambancin, don haka ku haɗu ku biyu ko uku ku aiki mutum ɗaya. Kada ki yarda da saman buhu. A zazzage a gabanki ko ki zura hannu har ƙasa, don a nan ake ɓoye yashi, ƙaiƙayi da tsohon hatsi mai ƙwari. Hatsi ya fi masara jimirin ajiya, in za ki haɗa da masara don araha, ita za a fara ci.

Hatsin da bai gama bushewa ba shi ne ke yin zafi a buhu ya yi funfuna. Ki ciza ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai danshi takan lotsa. In kina shakka ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa, sai a shanya a kan tabarma ko tamfol kwana biyu ko uku. A bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗure, don hatsi mai zafi in an rufe shi gumi yake yi. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera bulo a ɗora katako, tsayin ya kai gwiwa tunda ruwa ya taɓa yi muku ɓarna, a bar tazarar da hannu zai wuce tsakaninsa da bango. In kuna da gona da rumbu a ƙauye, rabon damina a bar shi a zangarniya, ya fi daɗewa a kan sussukakke. Kuma kada ki niƙa da yawa, garin hatsi ba ya jimawa yake ɗaci.

Wake ya fi hatsi rauni. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi, cikin wata biyu zuwa uku a buhun banza sai ki tarar da huji da gari. Maganinsa a hana shi iska. Buhun PICS, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Kafin ki zuba ki hura kowace leda ki matse, in iska na fita ta huje, ba ta da amfani. A zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje. Ga gida irin naki bido mai lita 25 ya fi sauƙi: yana ɗaukar kusan tiya 8, a cika shi har wuya, a sa leda a baki a murɗa murfi da ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗewa kowane mako ana ɗiba, iska ta shiga ƙwari su farfaɗo. Na ci yanzu a ajiye shi daban, bidon ajiya kuma in an buɗe shi a ci har ya ƙare. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba na abinci ba ne ko sau nawa aka wanke.

Muna roƙonki da babbar murya, kada ki sa ƙwayar fostoksin ta kashe ƙwarin hatsi, irin ta manyan sito, a ɗakin da ake kwana ko wanda ke haɗe da shi. Hayaƙinta ba a ganinsa kuma yana kisa, yara ne ke fara faɗuwa. Piya-piya ma ba a yayyafa shi a kan abin da za a ci.

Kayan miya ba sa buƙatar dogon bayani, kin fi mu sani: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, gabu, daddawa, busasshen zogale, gishiri, kanwa, kowanne a abin da ke rufuwa. Ki ware lita biyu na manki nesa da rana, kina musanya shi da sabo. Abin da aka fi mantawa shi ne ranar da murhu ya jiƙe. Ki ajiye abincin kwana biyu da ba ya son wuta, garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, da rabin buhun gawayi a cikin leda, da ashana a kwalba. Gawayi ba a hura shi a ɗaki a rufe ko da ana ruwa. Tocila mai cajin rana ɗaya ta isa, in tana cajin salula ya fi.

Ruwan sha da girki ki lissafa lita 5 ga kowane mutum a yini. Ku takwas lita 40, kwana uku lita 120, bido biyar ke nan. A rufe su, a riƙa amfani da su ana sake cikawa kowane mako. Bayan ambaliya ruwan masai yakan haɗu da na rijiya, kuma jihar nan ta ga kwalara a 2018 da 2021. Ruwan da kike shakkarsa a tace da tsabtataccen ƙyalle a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs gwargwadon litar da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30.

Akwatin magani kada ya yi girma: parasitamol, ƙullin SRO (garin gishiri da sukari na mai gudawa) kamar goma, ƙwayar zinc ta gudawa, ma'aunin zafin jiki, sabulu, bandeji. Ki sa likita ya rubuta miki awon parasitamol na kowane yaro a jikin kwalin, don da nauyin yaro ake auna shi. In SRO ya ƙare, lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a zubar da abin da ya wuce awa 24. Kada ki tara maganin masassara, kafso ko allura daga masu talla a tire, rana ta riga ta dafa su, wasu ma jabu ne. In Inna na shan maganin hawan jini ko na sukari, a riƙa saye da saura na wata guda a gaba.

Yaron da aka kai har ga ƙarin jini, sau da yawa masassarar ta yi kwanaki a gida. A damina zafin jiki a kai shi awo ran nan, kada a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. In yana taune-taune ko suma, ya ƙi nono ko ruwa, yana amai da duk abin da ya sha, tafin hannunsa ya yi fari, ko numfashinsa na sauri, ba a jiran asuba. Masu rabon maganin rigakafin masassara na yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 suna zagayawa wata-wata a damina. Su ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da ke biye a hannunki yake, kuma nan ne iyaye da yawa ke sakewa. Ki ɗinke hujin gidan sauro tun Yuni. Ki san rukunin jinin manyan gidan, ki yi magana tun yanzu da mutum biyu cikin dangi waɗanda za su ba da jini in an nema. Haka ma mai adaidaita ɗaya na unguwa da ya yarda a tashe shi da dare. Lambobinsu ki rubuta a takarda ki liƙa a bango, tare da lamba 18 ta ƴan kwana-kwana, saboda ranar da salula ta mutu.

Gida kuma a Mayu ake yi masa, kafin ruwan fari. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa, ruwan da ya kwanta a ƙafarta ya jiƙa ta har nauyin sama ya fi ƙarfinta. A yi yaɓe, a tara ƙasa a gindin bango ta gangaro waje, a gyara indararo ya zuba nesa da bango, a yashe hanyar ruwan tsakar gida. In ana ruwa kika ga tsaga na buɗewa, ko danshi ya hau bango, ko ƙasa na zubowa daga rufi, a fitar da yara daga ɗakin a daren. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan yini ɗaya ya rushe gidaje da yawa a garin nan, aka yi asarar rayuka. Ku yanke tun yanzu gidan wa za ku nufa in abin ya kai haka, wa zai riƙe Inna, wa zai goya auta. Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar gida da katin rigakafin yara a sa su a leda biyu a rataye sama, a ɗauki hotonsu a tura wa wani ɗan'uwa.

In da sauran akuya, ki riƙe ta, jar akuyarmu tana yawan haifar tagwaye. Sai dai ba kuɗin daren farko ba ce, ta mako na biyu ce. Ƴaƴanta a saida su gab da Layya lokacin da dabba ke da daraja, kuɗin ya shiga ajiya. Ki sayi harawa da dusa yanzu da suke araha, ki kai ta rigakafi, ki hana ta cin leda.

Maigida ya yi gaskiya, Allah ne mai yi, kuma kada ki ja da shi a kan haka. Amma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, kuma ba wanda ya kai shi tawakkali. Muna zaton abin da maigida ke gudu shi ne magana marar iyaka da ke kama da ƙorafi a kan gazawarsa. Ki bar cewa a yi tanadi. Bayan kin jera naki buhun a kan katako ya gani da idonsa, ki zaɓi ranar da ya dawo da ciniki, ya ci ya huta, ki ce masa: ga ɗaya na samu, in ka ƙara ɗaya a Disamba ɗaya a Janairu, ko hanya ta rufe ba za mu roƙi kowa ba. Ciyarwa haƙƙinsa ce, kuma buƙata mai adadi da wata ta fi sauƙin amsawa. In Inna ta sa baki, ya fi.

Saura wanda zai ci ajiyar kafin lokacinta, kuma ba ɓarawo ba ne. Ƙanwar maigida za ta zo, maƙwabciya za ta aiko yaro da kwano, ga biki ga suna. Ba za ki iya hanawa ba, bai ma kamata ba, don su ne za su tsaya miki gobe. Ki ware tiya 10 a buhu daban tun farko, na kyauta ke nan, in ya ƙare ya ƙare. Sauran buhunan ku yi yarjejeniya da maigida a gaban Inna: ba a kwance su sai Yuli, ko in ya yi kwana goma bai samu aiki ba. Har zuwa lokacin a ci gaba da awo a kasuwa kamar kullum. In OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, ta buɗe saida hatsi da rahusa ki shiga layi, amma kada ki gina lissafinki a kai, abin da ake ba gida ɗaya ba ya da yawa. Buhunan hatsi ki duba su sau ɗaya a wata, ki zura hannu ki ji ko da zafi, ki duba ƙasa ko da gari ko kashin kusu. In kin ga ƙwari a shanya a rana mai zafi, a sheƙe, a canza buhu, wannan buhun kuma a fara cinsa.

Kuɗin dare ma suna da doka: ciwo, haihuwa, rushewa, gobara. Anko da gudummawar biki ba sa ciki, kuɗin makaranta ma ba ya ciki tunda an san watansa, a yi masa nasa gwangwanin. Ranar da kika taɓa su, dala arba'in ɗin kullum ta koma can gaba ɗaya har jikka 20 ta sake cika, sannan a koma kan sauran buƙatu.